Shekarar da Muka Auna Sama da Gwangwani

A shekarar karatu ta 2005 zuwa 2006 ni ke riƙe da ajin CM2, na ƙarshen firamare, a wata lakwal ta ƙauye cikin karkarar Ɗan Kassari, nesa kaɗan da kwaltar da ta fito daga Yamai, ta ratsa Dogon Dutsi, ta nufi Birnin Ƙonni. Duk cikin darussan da aka ɗora mini babu mai ba ni wahala kamar na teku. Ruwan da yarana suka sani shi ne na guga da na tabkin damana, sai yaro guda da ya taɓa bin babansa Gaya ya ga kogin Isa, kuma da wannan yake yi wa sauran taƙama. Iyayensu maza da yawa sun ga teku a wajen cin rani, a Kwatano ko Legas ko Abijan, amma labarin da suke dawowa da shi na dako ne da kuɗin haya. Tsakaninmu da gaɓar Kwatano ya haura kilomita 800 ko da an miƙe sak. Don haka yaran suna haddace sunayen tekuna biyar saboda jarrabawa, su zubar da su a bakin ƙofa.

A farkon Maris na 2006 wata ƙura ta taso daga arewa ta lulluɓe mu kwana da kwanaki, har mutum na iya kallon rana ido da ido. Da hutun ƙarshen watan ya zo na tafi Yamai, na sauka wajen wani abokina da muka yi karatu tare a Doso, wanda ke aikin awon yanayi a filin jirgin sama. Na tarar da shi ba ya samun barci. Sau huɗu a yini ake sakin balan-balan mai ɗauke da ɗan akwatin awo, ya hau sama fiye da kilomita 20 yana aiko da labarin zafi da laima da gudun iska. A gefen filin an jera manyan kwantenoni cike da na'urorin Amurkawa, waɗanda suka yi shekarar nan cur suna auna hasken rana da gajimare da ƙura, har da wadda ta shaƙe mu a ƙauye. Abokin nan ne ya fara gaya mini sunan aikin, AMMA, binciken damanar Afirka ta Yamma da masana na Afirka da Turai da Amurka suka haɗu a kansa, kuma 2006 ce shekarar babban awo. An kafa sansanoni a Gurma ta Mali, da kewayen Yamai wajen Banizumbu da Wankama, da kwarin Weme a Benin. In damana ta kama kuma jiragen sama na bincike za su zo.

A gidan abokin nan na haɗu da wani matashi ɗan Benin mai karatun ilimin teku. Yana shirin komawa Kwatano ya shiga jirgin binciken Faransa mai suna L'Atalante, da zai fita mashigin tekun Gini daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuli. Na tambaye shi, cikin raha, me mai teku ke nema a Yamai da azahar ɗin Maris. Ya jawo takardar da aka naɗo mana tsire a ciki, ya juya bayanta ya fara zane.

Ga abin da na riƙe daga bakinsa, kuma daga baya na same shi haka a littattafai. A watan Afrilu fuskar teku a daidai layin da ya raba duniya biyu tana da ɗumi, wajen digiri 29. Daga Mayu iskar kudu maso gabas takan ƙarfafa, ta ture ruwan sama-sama, mai sanyi ya taso daga ƙasa, zuwa Yuli ko Agusta awo ya sauka kusa da 23. A daidai wannan lokaci hamadar arewacin Mali da kudancin Aljeriya tana tafasa, iskar da ke kanta tana tashi sama. Yadda murhu in ya kama sosai yake zuƙo iska ta ƙofar madafa, haka hamada ke zuƙo iskar teku mai laima, kuma gwargwadon bambancin sanyin can da zafin nan, gwargwadon nisan da laimar za ta shigo. A yawancin shekaru wajen 24 ga Yuni ne damarar ruwan sama ke yin tsalle daga gaɓa zuwa arewa. Tun 1997 Brazil da Faransa da Amurka suka girke tasoshin awo masu iyo a tsakiyar Atlantika, ɗaure da igiya har ƙasan teku, suna auna ɗumin ruwa zuwa zurfin mita 500. Sunan shirin PIRATA, kuma gyaran waɗannan tasoshi na cikin aikin da zai kai shi teku.

Na koma da takardar tsiren a aljihu. A allo na zana gaɓa a ƙasa, hamada a sama, na sa ɗigon alli a tsakani na ce ga mu nan, sannan na ja kibiya daga kudu maso yamma. Ajin ya yi tsit, ni kuwa ina jin daɗin kaina. Sai wata yarinya da ke zama a bencin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

"Mushe, in ruwan daga kudu yake zuwa, don me kullum hadari daga gabas yake taso mana?"

Ajin ya ɗauki guna-guni na goyon baya, don kowane ɗan shekara biyar a yankinmu na Arewa ya san inda ake duban hadari. Iyayensu gabas suke kallo da la'asar, ba kudu ba. Na ce mata tambayar ta cancanci a aika da ita Yamai, na rubuta ta yadda ta faɗe ta, na ba wani direban mota ya kai wa abokina.

Amsar da ta dawo ta fi darasin farko daɗi. Ashe iska hawa-hawa take. Ta ƙasa, mai kaurin kilomita ɗaya zuwa biyu, ita ce mai laimar teku, daga kudu maso yamma take shigowa, ita ce sanyin da ake ji da asuba a ƙarshen bazara lokacin da shamuwa ke dawowa. A samanta, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma. Hadari yakan haɗu da la'asar a kan tuddai, irin duwatsun Abzin da na Jos da na Darfur, sai wannan iskar ta sama ta ɗauke shi ta yi yamma da shi, jere guda mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci, yana tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa, yana shan laimar da ke ƙarƙashinsa. Jar guguwar da ke riga ruwa isowa, mai kwashe shanya da rufin zana, iska ce mai sanyi da ke zubowa daga cikinsa. Mafi yawan ruwan da ke sauka a Sahel, kashi 80 cikin 100 ko fiye, irin wannan hadari ne ke kawo shi. Wasunsu ma ba sa mutuwa a Dakar; sukan faɗa teku su girma su zama guguwar da ke rushe gidaje a Karibiyan da Amurka. Shi ya sa a Agusta da Satumban shekarar hukumar NASA ta kafa sansani a tsibiran Kap Bar, aka kuma riƙa sakin wasu manyan balan-balan daga Damagaram suna bin bayan hadarin har cikin Atlantika. Na daɗe ina cewa a raina, da hadarinmu a Dakar yake tsayawa, da kuɗin binciken bai kai haka ba.

Ban so yaran su karɓi maganar don ta fito daga Yamai. Muka kafa gora a tsakar lakwal muka ɗaura mata tsumma. A safiyoyin Yuni tsumman yana nuna arewa maso gabas, wato iskar daga kudu maso yamma take, alhali gajimaren da ke can sama yana rarrafawa zuwa yamma. Yarinyar nan ce ta fara lura, ta tsaya hannu ɗaya na nuna tsumma, ɗaya na nuna sama, hannuwan sun saɓa. Ba ta ce komai ba, ta koma bencinta.

Matsalar lakwal a ƙasarmu ita ce ana rufe ta daidai lokacin da sama ke fara abin kallo. Ƙarshen Yuni an sallami yara, an kwance azuzuwan zana, kowa ya ɗauki hauya. Kafin su watse na bi masu tebur a kasuwa na tara manyan gwangwanayen tumatir, masu miƙaƙƙen jiki. Kowane yaro ya samu gwangwani da 'yar rula da ragowar littafi. Sharaɗin shi ne a ɗora shi kan turke a fili, nesa da itace da katanga, a auna zurfin ruwan da safe kafin rana ta sha shi, a rubuta, a zubar. Abokan gabar wannan bincike su ne awaki, da ƙannen da suka ga abin wasa, da wata kaka da ta ga gwangwani mai kyau yana zaman banza ta mai da shi ma'ajin gishiri.

Damanar ta yi nawa. Masu AMMA sun rubuta daga baya cewa ta makara da kimanin kwana 10, kuma sanyin tekun ma ya makara a shekarar in an gwada da 2005. Mu dai abin da muka gani shi ne shibkar farko ta ƙone a gonaki da dama, aka sake. Mutane tsoro ya kama su, don yunwar 2005 ba ta gama fita daga jiki ba. Aka fita roƙon ruwa a filin idi. A can Lugu da Bagaji, inda gidan Sarauniya da na Baura suke, masu al'adar gargajiya suka yi nasu. Wani uba ya tare ni a hanya ya ce ko gwangwanin nan na ɗansa ba shisshigi ba ne cikin ikon Allah. Na ce masa mai auna hatsi da tiya bai ce shi ya halicci hatsi ba. Ya yi dariya, ya ce to a bar yaro da kayansa.

A Oktoba littattafan suka dawo, wasu da dattin miya, wasu da ramukan kwanakin da aka manta. Muka jera su a allo rana-rana. Abin da ya ba yaran mamaki shi ne dare guda, hadari guda, gwangwanin wani ya kusa rabi, na wanda ke ƙauyen da ake hange kuwa ko jiƙewa bai yi ba. Suka fara zargin juna da ƙarya. Na gaya musu masana sun gamu da haka a farkon shekarun 1990, sa'ad da suka baza ma'aunai fiye da 100 a kewayen Yamai suka ga jimillar damana tana bambanta ƙwarai tsakanin wurare masu kusanci. Na kuma kawo musu ƙa'idar da aka fitar a cibiyar ICRISAT ta Sadore: ana lissafin damana ta kama in an samu milimita 20 cikin kwana uku, ba tare da fari fiye da mako guda ya biyo baya cikin watan ba. Wani yaro ya ce kakansa ba ya buƙatar rula, hannu yake tona ƙasa da shi, in laima ta wuce tsawon tafi sai a fito da iri. Muka gwada a bayan aji da bokitin ruwa da gwangwani, sai ga awon biyu ba su yi nisa da juna ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba a aji ya faru ba. Shugaban iyayen yara, dattijo ne da ya ga yunwar 1973 ya kuma binne 'ya'ya a ta 1984, wadda ake kira El Buhari, ya aiko a kira ni, don jikansa ya je gida yana cewa fari daga teku yake. Mutanen zamaninsa an shekara ana gaya musu su suka jawo shi, da gatari da garken awaki. Maganar tana da tushe a wajen masana: a 1975 wani Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa ƙasar da aka tsiraita tana mayar da hasken rana sama, ta hana hadari haɗuwa. Daga nan ta shiga tarurruka da rediyo da littattafan lakwal. Amma a 1986 wasu masana uku na Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya da lokutan da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka zuba wa kwamfuta tarihin ɗumin tekuna kawai, ba su gaya mata komai game da itace ko dabba ba, sai ta fitar da damunan albarka na shekarun 1950 da farin 1970 da 1980. Wasu binciken kuma suka ɗora wani kaso na laifin a kan hayaƙin kwal na masana'antun Turai da Amurka, wanda ya tare hasken rana ya sanyaya tekun arewa, damarar ruwa ta ja baya zuwa kudu.

Na faɗa masa wannan a zaure, a taƙaice. Ya daɗe yana jan carbi.

"Mushe, kana nufin shekarar da kogin Isa ya tsaya a Yamai, ba gatarina ba ne?"

"Baba, gatari yana kashe gona, wannan kun fi ni sani. Amma ruwan 1984 ba ku kuka hana shi ba."

"Su masu hayaƙin, sun san haka?"

"Masanansu ne ma suka rubuta."

"To, sun aiko da gaisuwa?"

Ban da amsa, shi ma bai jira ba. Mutumin nan kuwa gonarsa ta fi ta kowa gawo, tun kafin a fara yi wa mutane wa'azin barin tsiro in ana sassabe. Bai taɓa buƙatar a tsorata shi da laifi kafin ya bar itace ya girma ba.

A Maris na 2007 aka buɗe shekarar binciken ƙuryoyin duniya biyu, ta arewa da ta kudu, rediyo ya cika da labarin ƙanƙara. Akwai wani jirgin ruwan Faransa mai suna Tara da aka bari da gangan ƙanƙarar tekun arewa ta riƙe shi tun Satumban 2006, yana tafiya duk inda ta ja shi, mutanen ciki suna awo, bai kuɓuta ba sai Janairun 2008. Sabon ajina ya ɗauki jirgin nan kamar na danginsu, kowace Litinin sai an tambaye ni ina ya kai. Da na ce a can rana takan faɗi ta yi watanni ba ta fito ba, tambayar farko ita ce yaya ake salla da azumi. Wannan ba fagena ba ne, na tura su wajen liman, ya ce musu ana ƙaddarawa da lokutan ƙasa mafi kusa da ke da dare da rana. Ya kuma aiko a tambaye ni ko da gaske ne, ko dai tatsuniyar lakwal ce.

Na so su taɓa ƙanƙara da hannunsu, amma sai an je Dogon Dutsi ake samunta. Na sayo dunƙule babba, aka naɗe shi da buhu da ƙaiƙayi, muka ɗauko a kan kabu-kabu, kafin mu iso ya rame da kusan rabi. Yaran sun san ƙanƙarar da ke faɗowa da hadari, amma ba su taɓa riƙe wadda ta cika hannu biyu ba. Muka cika kwano biyu da ruwa, muka yi musu alama. A na farko muka saka guntu yana iyo, a na biyu muka ɗora guntu kan dutsen da ya ɗara ruwan tsawo. Da suka narke, na farko bai motsa daga alamarsa ba, na biyu ya haura. Nan suka gane bambancin ƙanƙarar da Tara ke ciki, wadda dama a kan ruwa take, da wadda ke zaune kan ƙasar Girinlan, da in ta narke duka teku zai tashi wajen mita 7. Yaron da babansa ke dako a Legas ya tambaya ko unguwarsu tana kan tudu. Sannan muka jefa ƙanƙarar zoɓo cikin kwalbar ruwan ɗumi, jan ruwan mai sanyi ya gangara ƙasa ya kwanta. Haka ruwa mai sanyi da gishiri ke nutsewa kusa da Girinlan, ya ja na ɗumi daga kudu ya maye gurbinsa.

Ragowar guntayen na bi da su benci-benci, kowa ya kara a kunne ya ji ƙaramar ƙarar kumfar iska tana fashewa. A 1965, a Antaktika, wani masani ɗan Faransa, Claude Lorius, ya jefa tsohuwar ƙanƙara cikin kofinsa ya ga irin wannan kumfa, ya ce ashe iskar zamanin da ce a kulle. (Kofin na barasa ne, ga yara na ce abin sha.) Daga wannan tunani aka haƙa rami a tashar Vostok har mita 3,623, aka karanta iskar shekara 420,000, aka sake haƙa wani a Dome C da ya kai shekara 800,000. A duk tsawon wannan zamani iskar kabon ba ta wuce kashi 300 cikin miliyan ba. Ranar da nake wannan darasi ta haura 380, yau ta wuce 420.

Ban sha wahalar nuna musu cewa yanayi na juyawa ba, don shaidar tana ƙarƙashin ƙafarmu. Dallol Mauri, faffaɗan kwarin da Dogon Dutsi ke zaune a ciki, tsohuwar hanyar kogi ce. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse inda yau ko akuya sai ta yi haƙuri. A Gobero an tono kaburburan masunta a tsakiyar Tenere. Laka da aka ciro daga ƙasan teku a gaɓar Muritaniya ta nuna ƙurar hamada ta ƙaru ƙwarai wajen shekara 5,500 da suka wuce, lokacin da korayen filayen suka bushe.

Duk wannan ya iso ajina ne ta hanyar aboki da takardar tsire da rediyo mai batir. An auna samanmu ciki da bai, an rubuta sakamakon da Ingilishi a mujallun da ko a Yamai sai mai rabo ke gani, kuma ba aikin kowa ba ne ya kawo shi gaban ɗan CM2. Har yanzu ina ganin wannan giɓi ne babba, don tambayar da ta fi kowace kaifi a shekarun nan daga bencin baya ta fito.

A 2017 bincike biyu suka fito da suka shafe mu kai tsaye. Ɗaya ya nuna cewa in ƙanƙarar Girinlan ta narke da sauri, ruwan daɗin da za ta zuba zai rage nutsewar nan da muka gani a kwalba, tekun arewa ya yi sanyi, damanar Sahel ta ja baya, gonakin hatsi da dawa su ragu. Ɗayan, daga hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadarai masu tsanani sun ninka sau uku a Sahel tun 1982, saboda hamada na ƙara zafi. Na biyun kam ba sai an gaya wa manomin Arewa ba, yana ganin yadda korama ke cin gonarsa.

Yanzu kowace shekara, wajen ƙarshen Afrilu, cibiyar AGRHYMET ta Yamai da ma'aikatun yanayi na ƙasashen yankin sukan fitar da hasashen damana, kuma ɗumin tekuna na cikin manyan abubuwan da suke dubawa. Rediyon karkara na karanta shi da Hausa. Na 2024 ya ce ruwa zai yi yawa, a yi hattara da ambaliya, haka kuwa aka yi: mutum fiye da 300 suka rasu a Nijar, tsohon masallacin Damagaram ya rushe a farkon Satumba. Ɗaya daga cikin yaran gwangwani, wanda yanzu magidanci ne, ya ji hasashen tun Mayu, ya kwance rumbunsa daga bakin kwari ya mai da shi tudu. Maƙwabcinsa ya ce ya cika bin maganar rediyo, ya bar nasa inda yake. Ruwan bai bi ta kwarinsu ba, ƙauyen gaba ya yi wa ɓarna. Da na je gaisuwar salla na tarar da su biyun a gindin bedi, kowa na cewa shi ne ya yi daidai, suka nemi in raba gardama, na ce su bari in sha ruwa tukuna.